Gadar Sama Ba Ta Ɗaukar Fasinja

Tun daga gadar Ƙofar Nassarawa da aka gina a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, kowace gwamnati a Kano ta ɗauki gadar sama a matsayin shaidar aiki. An yi ta Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, sannan aka juya kan Ɗan'agundi da Tal'udu. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna sun haɗu a kan aƙida guda, wato maganin cunkoso shi ne ƙarin kankare. Amma ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a bakin titi a Rijiyar Zaki da ƙarfe bakwai na safe, tana cinikin kuɗin A Daidaita Sahu, ba ta ga abin da gadar ta rage mata ba. An shimfiɗa wa abin hawa hanya, ita kuwa abin hawan ne ba ta da shi.

Masana tsara birane sun daɗe da sanin yadda wannan hanya take ƙarewa. Idan aka faɗaɗa titi, tuƙi yakan yi sauƙi na ɗan lokaci, sai sauƙin ya jawo ƙarin motoci, har titin ya sake cika. A birnin Houston na Amurka an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, wasu sassanta suka haura layi 20, amma cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo. Ƙasar da ta fi kowa arziki ta kasa sayen mafita da kwalta, balle jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja.

Abin da Kano ta rasa shi ne sufurin jama'a mai tsari. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta haramta acaɓa. Ba a samar da manyan motocin da za su maye gurbinta ba, sai A Daidaita Sahu ta cike giɓin, ta zama ƙashin bayan zirga-zirgar birni mai miliyoyin mutane. Lissafin kuwa ba ya buƙatar digiri: fasinja 60 da babbar bas ɗaya za ta kwasa suna buƙatar keke 20, injuna 20 na ƙona fetur, salansa 20 na fesa hayaƙi. Wannan hayaƙin ba ya shiga motar da aka ɗaga gilashinta aka kunna sanyi. Huhun jami'in KAROTA yake shiga, da na mai tallan ruwa a Bata, da na yaran makaranta, da na shi kansa matuƙin keken da ke wuni a cikinsa. Idan hunturu ya zo, ƙura ta haɗu da shi, asibitoci su cika da masu tari da asma.

Akwai masu ilimi da ke kallon fafutukar rage hayaƙin sufuri a matsayin damuwar Turawa. Hujjarsu ita ce kason Afirka cikin iskar da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba, don haka wanda ya yi ɓarin shi zai kwashe. Gaskiya ne, amma hujjar ta tsaya a rabin hanya. Hayaƙin da ke tashi a Titin Zariya mutanen Titin Zariya ne ke shaƙarsa. Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta ci gaba da hawa. Daga ranar, duk tsarin da ke rage man da ake ƙonawa don kai mutum ɗaya wurin aiki ya zama tsarin kare albashi. Jiki magayi.

Ba a rasa abin koyi a kusa ba. Legas ta buɗe layin manyan motocin bas masu hanyarsu ta daban a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. A 2024 Dakar ta fara nata, mai tsawon kusan kilomita 18, da motoci masu aiki da lantarki zalla. Sirrin duka biyun ɗaya ne: an ƙwace layi daga motocin gida an ba bas, don kada mutum 60 su tsaya bayan mutum ɗaya. Titunan Zariya, Katsina, Haɗeja, Gwarzo da Maiduguri duk suna kwararowa tsakiyar Kano, tamkar an zana su domin irin wannan tsari.

Tambaya mafi nauyi ita ce makomar dubban matasan da ke ci da A Daidaita Sahu. Korarsu zalunci ne, kuma darasin 2013 ya isa. Bas ba ta shiga lungu. Keke ne zai kwaso fasinja daga unguwa ya kai su tasha, kuma a ba ƙungiyoyin matuƙa hannun jari a kamfanin da zai tafiyar da layukan. A haɗa da hanyar masu tafiya a ƙasa mai inuwar darbejiya, da layin masu keken hawa, waɗanda tsadar mai ta dawo da su titi ba tare da kariya ba.

A 2021 Najeriya ta yi alkawari a Glasgow cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Alkawarin zai cika ko ya mutu a kasafin kuɗin jihohi. Likitocin da ke duba masu ciwon ƙirji, injiniyoyin da ke zana gadoji da malaman jami'a da ke koyar da tsara birane sun san duk wannan. Idan an sake kawo kuɗin wata gada gaban Majalisar Dokokin jihar, su ya kamata a gani a zauren sauraron ra'ayin jama'a, suna tambayar bas nawa kuɗin zai saya.