Jirgin Kara da Darasin Lissafi

A Jamus da Ingila akwai dattawa masu furfura da ke ware ɗaki guda a gida, su shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan teburi, da tasha da gada da duwatsu, su saki jirgi yana kewayawa da lantarki. Ba wanda ke ce musu sun zauce.

Mu kuwa, da zarar yaro ya shigo makaranta da motar kara ko ta langa-langa, sai mu ƙwace, wani lokaci har da bulala. 'Yan'uwa malamai, a nan mun yi kuskure.

Ma'aunin da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi, wato HO, yana rage girman kowane abu sau 87. Faɗin layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne. Idan aka raba shi gida 87 za a samu kusan 16.5, daidai faɗin ƙaramin layin nasu. Ashe ba darasin awo da rabawa ba ke nan, wanda muke fama da 'yan aji shida a kansa, su haddace yau su manta gobe?

Ba mu ce a sayo na kanti ba. Albashinmu bai kai nan ba, wutar ma ba ta zama. Kara da gwangwanin madara da murfin kwalba sun wadatar. Roƙonmu ga hedimastoci shi ne awa ɗaya a mako: yaro ya zo da taragon da ya ƙera, mu miƙa masa rula ya auna, ya ninka sau 87, ya faɗa wa aji ko mutum zai iya shiga ciki.