Maganin da ya ci haƙora, da gargaɗin da ya makara

Akwai wata shari'a da ake tafkawa a Amurka wadda nake ganin ya kamata iyaye da malaman makaranta su san da ita. Dubban mutane ne suka kai ƙarar kamfanin Indivior, mai yin maganin Suboxone. Likitoci na rubuta shi ga masu son rabuwa da shan ƙwayoyi dangin tramol. Ɗan siririn falle ne da ake sawa ƙarƙashin harshe har ya narke, kuma wasu kan shekara da shekaru suna shan sa kullum. Masu ƙarar sun ce tsaminsa ya ci musu haƙora, wasu suka ruɓe, wasu suka kakkarye, wasu suka zube, alhali ba a gargaɗe su ba. Kamfanin dai ya musanta zargin.

A 2010 aka amince da wannan falle. Sai a watan Janairu na 2022 hukumar FDA, mai kula da magunguna a Amurka, ta fitar da gargaɗi, bayan ta tattara rahotanni 305 na lalacewar haƙora, har da na mutanen da ba su taɓa fama da haƙori ba. A 2024 aka haɗa ƙararrakin a wata kotun tarayya da ke jihar Ohio.

Wani zai ce ai maganin ya ceci rayuka, mene ne haƙori? Hukumar ma ta ce amfaninsa ya fi illarsa, kada kowa ya daina sha ba da shawarar likita ba. Na yarda. Amma dubi shawarar da aka bayar daga baya: in ya narke, ka kurɓi ruwa ka wuwwurga a baki ka haɗiye, kada ka goge haƙora sai bayan awa guda, ka riƙa zuwa wurin likitan haƙori. Wannan ɗan bayanin ne ya yi shekara 12 bai iso ba. A ganina, duk wanda ya ba ka magani bai gaya maka illarsa ba, rabin magani ya ba ka.

Mu nan mun san ɓarnar haƙori ba wasa ba ce. Mutanen Tibirin Gobir ba su manta da yaran da ruwan famfo ya lalata wa haƙora da ƙasusuwa ba. Ga kuma tetirasaikilin, ɗaya daga cikin kafso da ƴan tire ke sayarwa a kasuwa. In aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ko mai ciki ta sha, haƙoran yaron kan rine su yi ɗorawa ko toka-toka, kuma asawaki ba ya fitar da shi. Ba'amurke yana da takardar likita da sunan kamfani, shi ya sa ya iya zuwa kotu. Uwar da ta sayi kafso biyu a ƙullin leda, wa za ta kai ƙara?

Don haka, iyaye, ku sayi magani a farmasi, ku tambayi illarsa, ku adana takardar likita da kwalin. Malamai kuma, in kun ga haƙoran ɗalibi sun sauya launi, ku hana ƴan aji yi masa dariya, ku kira iyayensa su kai shi likita.