Kwikwiyo ba juji ba ne

A nan Filinge kullum sai ka ji ana cewa cikin kare ba ya ƙin komai. Ƙarya ce. Ɗana ya samo kwikwiyo daga Tukunus, yana koya masa amsa kira. In ya zo, a ba shi kilishi mai yaji, da dare kuma madarar shanu. Kwana biyu sai zawo. Madara da yawa ta fi ƙarfin hanjinsa, albasar miyarmu kuwa jininsa take ɓatawa.

Iyaye da malaman lakkol, kun ce kare ba ruwanku. To a wane rairayi yake zawon? Wanda 'ya'yanku ke rarrafe a kai, su kai hannu baki. Ku hana yara zuba masa sauran miya. In zawon ya kwana, a kai shi wurin likitan dabbobi.