YAWON BUƊE IDO: Hutu da iyali a Cape Coast da Elmina

 

Yau dai ba zancen wane jarumi ya angwance ko wace jaruma ta fito za mu yi ba. Zancen teku za mu yi. Duk mai kallon finafinan Indiya ya haddace bakin teku a talabijin: jarumi na gudu a kan yashi, gyalen jaruma na kaɗawa, ruwa na tasowa a bayansu. Mu kuwa in darakta yana son ruwa a waƙa, sai a kwashi 'yan wasa a nufi Tiga. To amma tsakani da Allah, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tsayawa a gaban teku na gaske? In Allah ya hore wa gidanku abin tafiya hutu, ba sai an je Dubai ba. Ku lallaɓa Baba ku ce masa Gana, garin Cape Coast da maƙwabcinsa Elmina.

Da farko, ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza, fasfo ya isa, sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad. Kowane yaro a yi masa nasa. In ta mota ce, daga Legas za a bi ta Seme, a ratsa Kwatano da Lome, a shiga Gana ta Aflao. Iyaka uku ke nan, kuma kowace sai an sauka an buga hatimi, don haka in akwai tsohuwa ko jinjiri a tafiyar, jirgi ya fi sauƙi. Daga Akara zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, awa uku ko fiye in hanya ta cushe. A tuna agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne ba za ku ji baƙunta sosai ba. Kusan kowane babban gari a Gana yana da Zango, inda za ka ji Hausa raɗau, ka samu masallaci da naman da hankalinka zai kwanta da shi. Da safe ga koko da ƙosai, su ma can "Hausa koko" suke ce masa. Abincin nan nasu mai suna waakye kuwa, ai shinkafa da wake ce da aka dafa da karan dafi, har sunan ma daga bakinmu aka ɗauka. Amma kada a tafi ba a ɗanɗana dokunun Fante da soyayyen kifi da yajinsu shito ba. A yi wa ƙanana a hankali, yajin nan ba ya wasa.

Ranar farko a ba wa teku. Akwai bakin ruwa mai kyau a Anomabo kafin a shiga Cape Coast, akwai kuma Brenu a gaba da Elmina, yashi shimfiɗe ga bishiyoyin kwakwa. Sai dai ina roƙonku ku saurara da kyau: tekun nan ba kududdufin unguwa ba ne. Igiyarsa tana da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu, ya ja mutum ko da ya iya iyo. Yaro ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwarsa ba, babba na riƙe da shi. Samari masu son burge 'yan mata, a yi haƙuri, nan babu daraktan da zai ce "kat" a sake ɗauka. In ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo ta gefe yana ɗaga hannu. A tambayi masunta inda ya fi aminci, su suka san ruwansu. Ranar Talata ma bisa al'ada ba sa fita kamun kifi, sai ka ga jiragensu masu fenti kala-kala jere a gaɓa ana gyaran koma.

Rana ta biyu ita ce zuciyar tafiyar. Ganuwar Elmina Turawan Fotugal ne suka gina ta a 1482 don cinikin zinare. 'Yan Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. Ta Cape Coast kuwa 'yan Suwidin ne suka aza harsashinta a 1653, daga baya ta zama hedikwatar Ingilishi a wannan gaɓa, garin ya riƙe matsayin babban birni har 1877 da aka koma Akara. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Daga waje fari tas, ga igwa jere, ga teku, wuri ne da duk mai kyamara zai so. Amma da mai rakiya ya gangara da ku ƙasa, sai murmushi ya ɗauke. Ɗakuna ne masu duhu, da 'yar kafar iska can sama, inda ake cusa ɗaruruwan mutane makonni ko watanni, nan ci, nan kwana, nan bahaya. A samansu kuwa ga ɗakin gwamna mai tagogi yana shan iskar teku. Ƙarshen hanya wata ƙofa ce da ake kira ƙofar da ba a dawowa, daga ita sai jirgin ruwa zuwa Amurka da tsibiran Karebiyan. Obama da iyalinsa sun tsaya a wannan ƙofa ta Cape Coast a 2009.

Ku 'yan kallo, akwai fim ɗin da ya kamata ku nema kafin tafiya: "Sankofa", wanda daraktan nan ɗan Habasha Haile Gerima ya fitar a 1993. Labarin wata baƙar fatar Amurka ce mai tallan kayan ƙawa, ta zo ana ɗaukar ta hoto a ganuwar Cape Coast tana ta yanga, sai ta tsinci kanta a zamanin bauta, ta zama baiwa a gandu. Ma'anar sunan a harshen Akan ita ce a koma baya a ɗauko abin da aka bari. Shi ma Bajamushe Werner Herzog ya ɗauki wani sashe na "Cobra Verde" na 1987 a Elmina. Fim ne mai nauyi, ba na yara ba.

Abin da ya sa na kawo "Sankofa" shi ne halinmu. Mun saba duk inda muka ga gini mai kyau sai mu ɗaga waya, a ɗora waƙa, a taka rawa. Don Allah ban da nan. Za ku tarar da baƙi daga Amurka da Jamaika suna kuka a ɗakunan nan, kakanninsu suke tunawa. Kuma kada wani ya ce ai tarihin mutanen kudu ne. Fatakenmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kasuwar Salaga suke sauka, kuma a kasuwar nan har mutane ake sayarwa, wasunsu aka gangara da su kudu. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, har yanzu ana nuna rafin da bayin da aka koro daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Wanda aka sayar da wanda ya sayar, duk akwai namu a ciki. Magana ce mai ɗaci, amma gara yaro ya ji ta daga bakin mahaifinsa a wurin da abin ya faru.

Yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, a ganina gara Mama ta zauna da su a farfajiya, duhun da labarin sun yi musu yawa.

Rana ta uku a wanke zuciya da dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da gari. Akwai gadoji bakwai na igiya da katako da aka ɗaura a saman bishiyoyi, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kusa mita 40. A nan ake gane jarumin gaske da na baki! A je da sassafe kafin rana da cunkoso, a sa takalmi sau-ciki. Lokacin tafiya kuwa, a kauce wa Mayu da Yuni saboda ruwan sama. Hutun Disamba ya fi dacewa.

Ga furodusoshinmu kuma, ga labari nan zube: ɗan fatake ya bar Kano neman goro, aka kama ƙaninsa a hanya. Wa zai fara ɗaukarsa?

Wanda ya taɓa zuwa ya rubuto mana abin da ya gani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.