Kafin Ki Sayi Tayil: Gyaran Makewayi Daga Rami Ake Farawa

 An gama girbi, gero ya shiga rumbu, masu adashi sun fara kwasa, lokacin gyaran gida ya kama ke nan. A nan Garu da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela, da zarar damina ta ɗauke sai a shiga yaɓe, a ɗaga katangar da ruwa ya ci, a yi sabon daɓe. Ɗakin uwargida a shafa masa fenti, zaure a gyara shi saboda baƙi. Makewayi kuwa, wanda babba da yaro ke shiga sau da yawa a yini, shi ake bari sai in kuɗi sun yi saura. Yau a kansa za mu tsaya.

Na san da yawanmu muna ganin hotunan banɗaki a waya, fari tas, tayil daga ƙasa har sama, da madubi da famfon wanka mai zubo ruwa daga bisa. Sha'awarsu ba laifi ba ne. Sai dai a wurin aiki, abin da ke kawo mana yara a galabaice shi ne gudawa da amai, da taifot, da tsutsar ciki, kuma mafi yawan lokaci hanyar ciwon ta makewayi ta biyo. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, jihar Sakkwato kuma tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka idan kuɗin hannunki ba za su kai ga komai ba, ga yadda ya kamata a jera aikin, daga mafi muhimmanci zuwa na ƙawa.

Rami da rijiya

Fara da auna tazarar da ke tsakanin salga, wadda wasu ke kira masai ko shadda, da rijiyar da kuke sha. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce mita 30 aƙalla, wato taku arba'in na babban mutum ko kusa da haka, kuma ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. Ki haɗa da rijiyar maƙwabta a lissafin, domin ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, katanga ba ta tare ta. Gidajen da ke kusa da fadama, irin na wajen Kalmalo, su suka fi bukatar lura, don ruwa ba ya da nisa a can. Idan gidan ya yi ƙanƙanta ba a samu tazarar ba, a bar ruwan rijiyar don wanki da shara, na sha a nemo daga rijiyar burtsatse ko a tafasa.

Ƙasarmu rairayi ce, ramin da ba a ɗaure bakinsa ba yana iya rufta da damina. A sa magini ya ɗaure saman ramin da bulo da siminti, aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya, a ɗora masa murfin kankare mai rodi a ciki. Shimfiɗa itace a rufe da ƙasa ya fi araha a yau, amma gara tana cin itacen daga ƙasa ba tare da an gani ba, sai ranar da ya karye da mutum. Idan kin ga tsagewa a daɓen salgarku, ko kin ji yana motsi in an taka, wannan shi ne aikin farko, kome ya jira.

Bakin ramin kada faɗinsa ya wuce santimita 20, don ƙafar yaro ko jikinsa kada ya zurma. A kuma tuna wa magini ya daidaita matakan ƙafa yadda mai tsugunno ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Gyara wannan bayan siminti ya bushe asara ce.

Wari da ƙudaje

Hanya biyu ce, kuma ba a haɗa su. Idan makewayinku ba shi da rufi, kamar yadda yake a gidaje da yawa, a yi wa bakin ramin murfi mai mariƙi wanda ya zauna daram, a riƙa mayar da shi kowane lokaci, a kuma riƙa barbaɗa tokar murhu a ciki.

Idan kuwa za a yi rufin kwano, a nemi bututun roba mai faɗin inci 4, a kafa shi daga cikin ramin ya fito ya zarce rufin da rabin mita, a ɗaure bakinsa na sama da raga mai ƙananan idanu. Iskar da ke kaɗawa a bakin bututun ita ke zuƙo wari ta fitar da shi sama. Ƙudajen da ke cikin rami kuma haske suke bi, sai su hau bututun, raga ta tare su, su mutu a can. An ƙirƙiro wannan dabarar a ƙasar Zimbabuwe tun shekarun 1970. Sharaɗinta biyu: cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu, kuma kada a toshe bakin ramin da murfi, domin ta nan iska ke shiga. Duk wata a leƙa ragar, a zuba ruwa ta saman bututun don wanke yanar gizo.

Akwai kuma ɗan kwanon roba da ake kira SATO, wanda ake dasawa a bakin rami. Yana da marfi a ƙasa mai buɗewa da nauyin abin da ya sauka, ya koma ya rufe da kansa, kuma ruwan da bai kai lita ɗaya ba ya ishe shi. Ki tambaya a shagunan kayan gini.

Masu sha'awar masai na zama mai tankin ruwa su fara yin lissafi. Kowane ja yana cin lita 6 zuwa 9. Gida mai mutum goma, kowa ya ja sau biyu a yini, zai iya shan lita 180, jarka bakwai ke nan ta 'yan garuwa, ban da wanka da girki. Inda ruwan bai wadata ba, irin wannan masai ya fi salga zama abin ƙyama. Wanda ake kora da buta ko ƙaramin bokiti ya fi dacewa da mu.

Inda ruwan wanka ke zuwa

Ki raba wurin wanka da salga, ko da da 'yar gajeriyar katanga ce. Ruwan wanka idan yana gangarawa cikin rami yana cika shi da wuri, yana jiƙa gefensa har ya zabtare.

Daɓen wurin wanka ya karkata zuwa rariya, kamar santimita 2 a kowace mita. Kafin ki sallami magini, ki sa a zuba bokitin ruwa ki tsaya ki gani. Duk inda ruwa ya kwanta, nan gansakuka za ta fito, nan kuma santsi zai kayar da wani.

Daga rariya kuma kada a saki ruwan ya bi lungu. Kwatamin da ke buɗe a bayan gida matattarar sauro ce, yara na wasa a ciki, awaki na sha, kuma kin san rigimar maƙwabta nawa ta taso daga nan. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a cika shi da duwatsu da fasassun bulo, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe. Ruwan zai riƙa tsotsewa cikin rairayi. A sa 'yar raga a bakin rariyar don tare gashi da guntun soso, ta kuma hana ɓera da kunama shigowa.

Yanzu sai maganar tayil

Tayil mai sheƙi na bango ne. Idan aka shimfiɗa shi a ƙasa, ruwan sabulu ya hau kansa, ya zama tarko. Mai ciki wata takwas idan ta zame, rai biyu ne a hatsari. Tsohuwa idan ta faɗi ƙashin ƙugunta ya karye, sau da yawa ba ta sake tafiya da ƙafarta. Ki nemi tayil na ƙasa mai kaushi. A shago ki ɗiga masa ruwa ki murza da tafin hannu, in hannun ya sulale ki bar shi. Idan kuɗi ba su kai ba, daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya kafin ya bushe ya fi tayil mai santsi aminci. A bango kuwa, shafen siminti mai sumul zuwa tsayin ƙirji ya wadatar, yana wankuwa, kuma yana hana ruwa cin ginin ƙasa.

Siminti dai ba daga nesa yake zuwa mana ba, ga masana'antarsa nan a Kalambaina kusa da birnin Sakkwato. Amma mu mazauna bakin iyaka mun ga yadda kasuwa ke rikicewa, daga rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Don haka ki sa a tambayo farashi a Illela da Sakkwato kafin a yi ciniki da magini. Yashi, tsakuwa, rodi da bulo ana iya tara su kaɗan-kaɗan. Siminti shi ake saye a ƙarshe, don yana daskarewa idan ya daɗe a ajiye.

Ki tuna da kowa a gidan

Inna ko Baba tsoho da gwiwa ta hana su tsugunno, a kafa musu ƙarfen dafawa a bango, a kuma sami kujerar katako ko ta roba da aka huda tsakiyarta, a riƙa ɗorawa a kan ramin. Mai jego tana bukatar dakalin zama a wurin wanka, da wurin ajiye tukunyar ruwan zafi inda yaro ba zai kai ba. A sirka ruwan, a gwada da gwiwar hannu kafin a watsa a jiki, domin ƙunar wankan jego abu ne da muke gani.

Yaron da bai kai shiga salga ba a yi masa fo, a juye a rami nan take, a wanke. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, kada a zubar da shi a juji ko a bakin rariya. Bokiti ko baho mai ruwa kada a bar shi a buɗe: yaro mai koyon tafiya kansa na rinjayar jikinsa, idan ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba a jin kukansa. A sa wa ƙofa sakata ta waje a sama, ta ciki kuma don sutura, musamman gidan da ke da 'yan mata. A rataya ƙusa ko igiya don tufafi, a ajiye kwandon shara mai murfi saboda ƙunzugu da audugar mata, kada su shiga rami ko rariya. Fitila mai cajin rana a bakin ƙofa tana hana yara tsugunawa a tsakar gida don tsoron duhu, tana kuma nuna kunama kafin a taka ta.

Kayan wanke makewayi a ɗora su a kanta mai tsayi. Kada ki taɓa haɗa ruwan bilic da sinadarin wanke masai ko wani mai asid, haɗinsu yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, balle a ɗan ƙaramin ɗaki.

Mafi araha, mafi amfani

A bakin ƙofar makewayi, ta waje, ki ajiye bokiti mai famfo ko jarka da aka rataya, da sabulu a gefe. Buta kaɗai ba ta isa ba, domin hannun da aka yi tsarki da shi ne ke komawa ya kama ta. Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In sabulu ya ƙare, toka ta fi ruwa zalla. A ajiye takalmin roba na shiga makewayi daban, kada ya zagaya ɗakuna.

Saura maganar maigida. Idan kika ce masa kina son banɗaki irin na hoto, zai ce ki bari sai an samu. Ki zauna da shi ku lissafa abin da aka kashe bara a kan ƙarin ruwa, allurai da kuɗin mota zuwa asibiti, sannan ki nuna masa tsagewar daɓen da idonsa. A gidan da ake da abokan zama ko matan 'yan'uwa, ku haɗa baki ku kai maganar tare, ku kuma raba kwanakin wanke makewayin yadda kuke raba girki. Aikin ana iya yin sa kashi-kashi: bana rami da murfinsa da wurin wanke hannu, baɗi rariya da daɓe, tayil kuma in Allah ya hore. Abin lura kawai, duk aikin haƙa da na siminti a gama shi kafin ruwan farko na watan Yuni.

Wadda ta riga ta yi irin wannan gyara a gidanta, ta ba mu labarin abin da ya yi mata amfani, 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da zuri'a masu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.