A Tambayi Asalin Kare Kafin a Saya

Mai sayen rago a kasuwar Kara ta Sakkwato yakan dudduba shi ciki da bai. Amma mai sayen karen gadi irin Alsatian, girma da ƙarfin haushi kaɗai yake dubawa. Wannan ganganci ne, domin akwai cutar da ido ba ya gani a jikin kwikwiyo.

A shekarar 2003 masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wa wannan jinsi sankarar ƙoda, wadda ke tafe da ƙuraje masu tauri a fata. Sikila sai an gada daga uwa da uba. Wannan kuwa ɗayansu ya isa, kuma kimanin rabin 'ya'yan kan gaje ta. Ba ta da yawa, sai dai takan ɓuya har kare ya manyanta, ya riga ya hayayyafa.

Don haka wajibi ne masu kiwo su riƙa rubuta asalin karnukansu, su daina barbara da duk mai irin waɗannan ƙuraje, su kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mai saye kuma ya tambayi abin da ya kashe kakannin kwikwiyon kafin ya biya.