Wasan Taurari, Gabar Magoya Baya

Tun zamanin N.E.P.U. da N.P.C. siyasar ƙasar Hausa ba ta rabu da zambo da habaici ba. Ko a 1979, sa'ad da Alhaji Shehu Shagari ya hau shugabancin Nijeriya, kowace jam'iyya tana da mawaƙanta masu ba'a ga abokan hamayya. Amma zambon wancan lokaci a dandali ake yinsa, a yi dariya a watse. Na yau kuwa yana aljihun kusan kowane saurayi a Boɗinga da Shagari, ta Facebook da TikTok, kuma ba ya tsufa.

Abin lura shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan dariya. Mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo yakan laƙaba wa ɗan siyasa suna, ya karɓi ladansa, ya kama gabansa. Magoya baya su ne ke ɗaukar laƙabin suna jifan juna da shi a teburin mai shayi, har maƙwabci ya ƙaurace wa ɗaurin auren maƙwabcinsa. Dauda Kahutu Rarara ya shafe shekaru yana wasa Muhammadu Buhari yana yi wa masu adawa da shi shaguɓe, sai ga shi a 2023 ya fito fili yana sukar mulkinsa. Shi dai ya sake sheƙa lafiya. To, waɗanda suka ɓata da 'yan'uwansu saboda waƙoƙinsa, wa zai shirya su?

Alhali kuwa mutanen Sakkwato ba baƙin wasa ba ne. Bagobiri yakan zolayi Bayarabe, Bafillace ya zolayi Babarbare, amma ba a taɓa iyaye, kuma wanda aka zolaya yana nan zaune, ya rama a yi dariya tare. Wannan ƙa'ida ce wayar hannu ta zubar.

Bulala ba za ta maido da ita ba. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara, saboda sun yi wa Gwamna Abdullahi Ganduje ba'a a TikTok, kuma zambo bai ragu ba. Lalle ya kamata hakimai da shugabannin jam'iyyu a waɗannan ƙananan hukumomi biyu su tara matasan da ke riƙe da shafukan 'yan takara, su shata musu iyaka tun guguwar zaɓe ba ta taso ba.